Sai 'Yan Kano Sun Zo

Rediyon nawa ne, batir na Ishaya. Haka muka raba tun muna da ƙarfin ɗaukar dami biyu a kai, kuma har yau ba wanda ya ce a sake rabo. Duk Lahadi da la'asar, in dai ƙungiyarmu ta Katsina tana da wasa, za ka same mu a gindin ɗorawar da ke kan iyakar gonata da tasa a Pauwa. Ni na idar da sallah na shimfiɗa buzu, shi kuma ya dawo daga coci tun rana amma bai cire rigar Lahadi ba, wai don a san shi ma ya je wurin Ubangiji.

Wanzami ɗaya ya yi mana kaciya rana ɗaya. Ni na yi kuka, shi bai yi ba, kuma shekara hamsin da ɗoriya bai bar ni na manta ba.

Kusan shekara talatin muna bin ƙungiyar nan da kunne, tun tana amsa tsohon sunanta, amma daga ni har shi ba wanda ya taɓa taka filin Karkanda. Katsinar ma ni sau uku na je, biyu ta'aziyya, ɗaya ɗaurin auren ƙanwata Saudatu. Kullum akwai dalili. Da damina noma, da kaka girbi, da rani gyaran ɗaki da ciyar da shanu. Daga baya mutanen daji suka ɓata hanya, tafiyar da a da ake yi da waƙa ta koma wadda ake yi da addu'a.

Ni abin da nake so in gani jama'a ne, wannan ihun da yake sa rediyo ya riƙa ƙara kamar zai tsage. Ishaya kuwa layi ne ya dame shi. Da mai sharhi ya ce ƙwallo ta fita layi, sai ya muskuta ya ce, "Wai layin nan, wa ke jan shi? Da igiya ko da ido?" Kada ka yi masa dariya. Daga Pauwa har Ketare ba mai huɗa irin tasa. In ya kama garmar shanu, kunyarsa za ta tafi har ƙarshen gona kamar an ɗaura zare. Mutum ne da ba ya iya wuce gonar wani bai tsaya ya kushe kunyoyinta ba. Burinsa a duniya ya tsaya a kan filin nan ya ga ko mutanen birni sun fi shi hannu.

Idonsa na hagu ya tafi shekara biyu da suka wuce, ba ciwo ba kumburi. Bara na dama ya fara matsewa. Kowa ya ce yanar ido ce, ni kuma na fi kowa ƙarfin murya, don ina da hujja. Mahaifiyata ta yi yanar ido. Aka ce a bar ta ta nuna, aka bar ta, ta nuna, aka kai ta aka cire, tsohuwa ta dawo tana zura zare a allura. Tun daga nan na zama likitan ido na Pauwa ba tare da an naɗa ni ba. Kuma mu manoma maganar nuna tana shiga mana kai da sauri. Wa ke yanke dawa tana ɗanya?

Bayan an shigar da gero, dawa kuma ba ta kai ba, akwai 'yan makonnin da manomi yake samun ya miƙe baya. A cikinsu ne wata Lahadi, ana hutun rabin lokaci, Ishaya ya rage sautin rediyo.

"Almu, mu tahi Katsina Lahadin ga mai zuwa."

"Da wa za a buga?"

Ya faɗi wata ƙungiya daga kudu da ko sunanta ban iya riƙewa ba.

"Haba Ishaya! Shekara talatin muna jira, sai mu ɓata zuwan hwarko a kan waɗanga? Mu dawo mu ce mun ga mi? Sai 'yan Kano sun zo. Ranar ce hilin ke cika."

"Yaushe za su zo?"

"Bayan dawa. Sati goma, ko sha ɗaya."

Ya riƙa murza batir ɗin da ya mutu a tafin hannunsa.

"Idon ga nawa, Almu. Kamar ta cikin kara nike leƙen duniya."

"Yana ce. Ai gara ta ƙara nuna. Ka ga, mu tahi Asabar, mu kwan gidan Saudatu, Lahadi mu kalli wasa, Litinin mu shiga asibitin ido a ɗebe ta. Tahiya guda, biyan buƙata biyu. In mun je yanzu koro mu za su yi, su ce ɗanya ce."

Ni mutum ne mai son abu ya fito da girmansa, kuma in na tsara magana ta yi mini daɗi a baki, to ko limami sai dai ya haƙura. Ishaya ya san haka. Ya ce, "Tau. Sai sun zo." Ya ƙara sauti.

Na shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Na kira Saudatu sau huɗu a kan ɗakin da za mu sauka, har ta ce ko gwamna zan kawo mata. Na je tashar Ƙanƙara na yi magana da direban da yake fara tashi, don wannan hanyar ba mai hankalin da zai bi ta rana ta karkata. Na tambayi duk wanda ya taɓa shiga filin: ta wace ƙofa ake bi, wane ɓangare ne rana ba ta dukan fuska, ana barin mutum ya shiga da rediyo? Na sayi sabuwar hula. Ishaya ya ware tiya uku ta gyaɗa, ya ce ba za a ce mutanen Pauwa sun sauka gidan suruki hannu na dukan cinya ba.

Ana cikin haka wata safiya matarsa Kyauta ta kawo wa iyalina daddawa. Da za ta fita ta tsaya a zaure inda nake gyaran igiyar shanu.

"Malam Almu, abokinka jiya ya yi karo da turmi. Tsakar gida, rana tsaka."

"Alamar nuna ce, uwar Grace. Tsohuwarmu ma haka ta yi."

"Ni in na ce mashi asibiti sai ya ce kun riga kun shirya. Kai yake ji."

"Saura sati shida. Mi sati shida zai yi?"

Ta gyara ƙwaryarta ta ce, "Allah shi kai mu," ta fita. Na ji haushi har cikin raina, wai mace za ta koya mini ciwon ido.

Dawa ta nuna. Tawa aka fara, aka yi mini gayya, don yanzu ba mai son ya daɗe shi kaɗai a gona. Ishaya ya zo tun da safe da wuƙarsa. Aka kwantar da kara, aka shiga yanke zangarniya, ya kama layinsa yana tsokanar kowa kamar kullum. Wajen azahar, ina kusa da shi, ya ɗago kai sama ya tsaya.

"Almu, hadari ne ya taso?"

Na fashe da dariya. Hadari a ƙarshen kaka, ga rana tana gasa ƙeya? Na ɗaga murya na faɗa wa jama'a, aka yi ta yi masa shaƙiyanci, wani ya ce a kawo masa laima. Shi ma ya yi dariya. Ya sunkuya ya ci gaba da yanka, hannunsa na bin kara har ya kai zangarniya, kuma bai tashi ba sai da layinsa ya ƙare. Da aka watse na hange shi ya bi bayan Kyauta, tana riƙe da kara ɗaya a gaba, shi yana riƙe da ƙarshensa. Na ɗauka wasan tsofaffi ne.

Kwana goman da suka rage bai fito ba. Aka ce gwiwa ce ta riƙe. Tasa dawar mu muka yanke masa. Lahadi na kai rediyo ɗakinsa, na same shi zaune ya miƙe ƙafa, batir na nan a gefensa yana jirana.

Ranar Asabar Kyauta ce ta kawo shi bakin mota da sanda a hannunsa. Ta ɗora ɗaya hannun a kafaɗata.

"Riƙe abokinka, Malam Almu. Ƙahwarshi ba ta son tudu. Kar ka sake shi."

"In sake shi in ce wa Pauwa mi?"

Ba ta yi dariya ba.

Daga Ƙanƙara zuwa Dutsin-ma gonaki ne hagu da dama, an girbe, kunyoyi a fili, wasu a karkace kamar macijin da aka taka. Na yi ta jira Ishaya ya fara zagin masu su. Bai ce uffan ba. Na nuna masa wata da ta fi muni, ya ce, "Uhm, Allah shi kyauta." Na ce a raina fushi yake yi don na hana shi kujerar taga. Ka ji irin wautata.

Lahadi muka isa Karkanda tun rana na sama. Ban taɓa ganin mutane haka ba ko a Idi. Masu rake, masu ruwan leda, masu kalangu, samari sun shafa fenti a fuska suna busa wani abu mai kukan jaki. Na yanki tikiti biyu. Da lokacin sallah ya yi na tsayar da Ishaya a jikin wani ginshiƙi, na ba shi takalmana da rediyo. Na dawo na same shi daidai inda na bar shi, ko taku ɗaya bai gusa ba, ana ta bangazarsa yana cewa sannu.

Muka hau matakala, hannunsa a kafaɗata, ina jin yana ƙirga su a hankali. Muka ɓulla ta wata ƙofa, sai ga filin gaba ɗaya ya buɗe a ƙarƙashinmu, kore shar, ga jama'a sun zagaye shi har sama. Na damƙi hannunsa.

"Ishaya! Duba! Duba, don Allah!"

"Kai," in ji shi. "Kai, ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai."

Na juyo in ga fuskarsa. Yana murmushi, ya buɗe ido sosai, amma ba filin yake fuskanta ba. Ya karkata hagu, yana kallon bangon siminti da ke gefen ƙofar.

Na ɗaga hannu na wuce da shi ta gaban idonsa. Na sake. Ko ƙiftawa bai yi ba. Mutanen baya suna ta cewa, "Baba, ku matsa mana," na ja shi muka zauna a inda muka samu, ban ko tuna da ɓangaren inuwar da na yi wata biyu ina tambaya ba.

"Tun yaushe?"

Murmushin ya tafi. "Ka gane ke nan."

"Tun yaushe, Ishaya?"

"Ranar dawarka. Da sahe ina ganin zangarniya. Da azahar ta tahi."

"Mi ya sa ba ka hwaɗi ba?"

"Da ka ce a hwasa wasa a tahi asibiti. Ga shi ka riga ka sayi hula." Ya lalubo gwiwata ya buga. "Bar wanga. Juya ni in huskanci hilin."

Na kama kafaɗunsa na juya shi. Hawaye suna zuba cikin gemuna, ban share ba, don ba wanda zai gani sai baƙi.

"Tau, layin. Hwaɗa mani."

Na duba. Fari ne tas, ya tashi daga tutar kusurwa ya tafi har ɗaya tutar. Na faɗa masa. Na faɗa masa akwai na tsakiya da ya raba filin biyu, da da'ira kamar an kifa faifai an zagaye, da ɗakuna biyu biyu a gaban kowace raga.

"Ya miƙe?"

"Ya miƙe."

"Ya kai nawa?"

"Ina! Naka ya hi."

"Almu, kana da alwala. Hwaɗi gaskiya."

Na sake dubawa, na rufe ido ɗaya yadda shi yake yi in yana auna kunya.

"Ya hi naka miƙewa."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Na sani! Da igiya ne. Ba mai jan wanga da ido. Tau ni da ido nike yi."

Na ciro rediyo zan kunna, ya dafe hannuna. Ya ce rediyo yana da shi a gida, yau ni ne rediyo. Shekara talatin ina zagin masu sharhi, ina cewa ko ni na fi su. Ranar na san aikin ba wasa ba ne. Na rikita sunaye, na ce bugun kusurwa alhali jifa ce, ƙwallo tana raga ɗaya ina ba da labarin ɗayar. Shi yake gyara mini, da kunne. Can bayan an dawo hutu jama'a suka ja numfashi gaba ɗaya, kafin in gane abin da ke faruwa Ishaya ya miƙe tsaye ya ɗaga sanda, sannan filin ya fashe. Ya riga ni ganin cin.

Da aka tashi bai yarda mu fita ba sai da wurin ya rage. Ya sa na sake faɗa masa komai daga farko: rufin, fitilun da ke kan dogayen ƙarafa, inda masu kalangu suka zauna, takalmin mai tsaron ragarmu. Yana maimaitawa a bayana kamar ɗan makaranta.

"In mun koma," ya ce, "ni zan ba da labari. Kai bakinka ba daɗi. Kuma maganar ranar dawa ɗin nan, ta tsaya tsakanin ni da kai da Kyauta. Ka ji?"

Na ce na ji.

Litinin muka shiga asibitin ido. Ina riƙe da sauran bege, ina ce wa kaina ai yanzu ta nuna sosai. Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta haska, ta auna, ta sake haskawa, ta ajiye fitilar.

"Baba, wannan ba yana ba ce. Hawan jinin ido ne. Shi ba ya nuna, ci yake yi a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Wata uku da suka wuce kana gani?"

"Kaɗan. Kamar ta cikin kara."

"Da kun zo lokacin, akwai maganin ɗigawa. Ba zai dawo da wanda ya tafi ba, amma da wataƙila ya riƙe wannan kaɗan ɗin." Sannan ta ce, "Wa ya ce ku jira?"

Ina tsaye a bayansa, sandarsa a hannuna. Na buɗe baki.

"Mutanen gari," in ji Ishaya. "Kin san mu da magana."

Mun dawo Pauwa Talata. Washegari gindin ɗorawa ya cika, har da waɗanda ba su san ƙwallo mutum nawa ke buga ta ba. An riga an ji idon ya tafi, kuma Ishaya ya bar su a kan cewa a hanyar dawowa ya ƙarasa. Kowa na cewa Allah ya so shi, ya ga abin da yake so kafin a rufe. Ya gyara zama ya fara.

"Da muka ɓulla ta ƙohwar nan, na ɗaga ido na ga hilin..."

Ya ba da shi tiryan-tiryan, da rufin, da fitilun, da da'irar da aka kifa wa faifai. Ya fi ni iya faɗinsa nesa ba kusa ba. In ya kai wani wuri sai ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Ko ba haka ba, Almu?" Ni kuma in ce haka ne. Kyauta tana can gefe da tallan daddawarta, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Na yi ta jira ya faɗa mini. A gona, a ɗakinsa, a hanyar da nake raka shi coci in tsaya daga waje, na yi ta jira ya ce da mun tafi waccan Lahadin. Da ya faɗa da na samu inda zan ajiye abin da ke ƙirjina. Bai taɓa faɗa ba. Da damina ni na yi masa huɗa, ya bi kunyar da ƙafa ba takalmi, ya ce shanun ne ba su da kirki.

Bana, bayan an shigar da gero, wata Lahadi ya zo da batir sabo, na saka, muka jira mai sharhi ya gama gaishe-gaishensa.

"Da wa za a buga yau?" ya tambaya.

Ƙungiyar nan ce ta kudu. Na faɗi sunanta cikakke, ban yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba, don shekara guda ke nan ina faɗinsa a raina.

Ishaya ya juyo da fuskarsa wajena, ya ɗan karkata hagu.

"Ashe ka iya," ya ce.

Can ya miƙo hannu ya lalubo rediyon ya ƙara sauti.